Huhun da ke littafi daban, na cikin ƙirji daban

Ranar Babbar Sallah, idan mahauci ya farke rago ya zaro huhu haɗe da maƙogwaro ya rataye, akwai abin da ido zai iya gani ba sai da kayan aiki ba. A bi maƙogwaron nan mai zobba-zobba da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Kafin a kai mararrabar da ya rabu biyu, hannu ɗaya ya nufi huhun dama ɗaya ya nufi na hagu, za a ci karo da wani ƙaramin reshe da ya ɓalle shi kaɗai ta gefen dama ya shige saman huhu. Haka halittar rago take. Haka ta akuya da sa da raƙumi, har da alade.

Mutum ba haka aka saba ganinsa ba. Maƙogwaronsa yakan sauka santal har mararraba, sannan rassa su fara fita. Amma akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da reshen nan irin na rago; ƙididdigar masu bincike ta kama daga mutum ɗaya cikin dubu zuwa biyu cikin ɗari. Yawancinsu har su koma ga Allah ba su san da shi ba, don ba ya hana noma, ba ya hana gudu. Ranar da yake tona kansa ita ce ranar da aka kwantar da mai shi a ɗakin tiyata, likitan sa barci ya zura masa robar numfashi. Robar tana da 'yar jaka kusa da bakinta wadda ake hura wa iska don ta kama bangon maƙogwaro. Idan jakar ta zauna daidai bakin wannan reshe, saman huhun dama ya rasa iska ke nan. Sai ya lafe, lambar oksijin ta fara sauka a allon na'ura, a shiga neman dalili.

Wannan ɗaya ne kawai cikin ɗimbin bambance-bambancen da ke ƙirjin mutane. Hoton huhun da ɗalibin likitanci ke haddacewa, mai ja da shuɗi, an harhaɗa shi ne daga abin da aka fi yawan gani. Da wuya a sami mutum guda da huhunsa ya dace da hoton nan reshe da reshe, jijiya da jijiya. An daɗe abin bai dami kowa sosai ba in ban da malaman ilimin halittar jiki. Yanzu kuwa ya zama maganar kullum a ɗakunan tiyatar ƙirji, saboda abin da ake yankewa sai ƙara ƙanƙanta yake yi, kuma iya ƙanƙantar abin da za a cire, iya zurfin da wuƙa za ta shiga inda mutane suka fi saɓa wa juna.

Yadda aka kasa huhu

Huhun dama ɓangare uku ne: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Na hagu biyu ne, don zuciya ta karkata can ta ci wuri. Tsagogi ne suka raba ɓangarorin, ana ganinsu ƙuru-ƙuru. Abin da ba a gani daga waje shi ne kowane ɓangare ya sake kasuwa zuwa yankuna. Dama tana da goma: uku a sama, biyu a tsakiya, biyar a ƙasa. A hagu tun daga ƙidaya aka fara saɓani. Wasu littattafai sun ce goma, wasu tara, wasu takwas, domin a can yanki na 1 da na 2 sukan fito daga reshe guda, haka ma na 7 da na 8.

Kowane yanki tsininsa na kallon tsakiyar ƙirji, faɗinsa na kallon haƙarƙari. Yana da reshen iskarsa, yana da jijiyar da ke kai masa jini, biyun suna tafiya tare ta tsakiyarsa. Jijiyar da ke dawo da jini zuwa zuciya ita ce mai halin daban: ba ta bin tsakiya, kan iyaka take bi. Kamar magudanar ruwan da ke tsakanin gida biyu ce, ita ke nuna inda gidan wannan ya ƙare na wancan ya fara, kuma ruwan gidajen biyu take kwashewa. Wanda ya toshe ta don yana rushe gida ɗaya, maƙwabci zai kwana cikin ruwa. Likitan fiɗa yana buƙatarta don ta nuna masa iyaka, kuma sau da yawa dole ya bar ta a raye don yankin da ba a taɓa ba.

Idan likitocin ƙirji suna hira a tsakaninsu, da wuya ka ji “huhun dama”. S6 za ka ji, ko B2, ko A3, ko V1. Harafin farko yanki, na biyu reshen iska, na uku jijiyar kai jini, na huɗu ta dawo da shi.

Ba a wayi gari da wannan sani ba. A 1880 Christoph Aeby, masanin halittar jiki ɗan Suwizalan, ya kwatanta rassan iskar mutum da na dabbobi. A 1889 William Ewart na asibitin Brompton a Landan ya nuna cewa cikin kowane ɓangare akwai ƙananan sassa masu cin gashin kansu. Aikin ya yi sama da shekara arba'in a ajiye, don ba wanda ke iya buɗe ƙirji ya yi abin kirki a lokacin. Sai a 1932 Kramer da Glass, a New York, suka dawo da maganar, su kuma abin da ya dame su shi ne gano daidai inda ƙurjin huhu yake don a tsiyaye mugunya ba tare da an yi ta laluben haƙarƙari ba.

Shekara guda bayan haka, ranar 5 ga Afrilu 1933, Evarts Graham ya shiga ɗakin tiyata a St. Louis da niyyar cire ɓangare ɗaya na huhun hagun wani likitan mata mai suna James Gilmore. Da ya buɗe ya ga inda kansar ta zauna, sai ya cire huhun gaba ɗaya. Shi ne karo na farko da aka yi haka a zama ɗaya saboda kansa, mara lafiya kuma ya tashi. Gilmore ya koma bakin aikinsa, ya rayu har 1963. Graham, wanda ya sha taba shekara da shekaru kafin shi da Ernst Wynder su wallafa binciken da ya danganta ta da kansar huhu a 1950, kansar huhun ce ta kashe shi a 1957. Abin lura a nan: wanda zai cire huhu sukutum jijiya uku ce da reshe ɗaya a gabansa, manya-manya, ba ruwansa da abin da ke can ciki.

Masu son su rage ɓarna su ne suka fara shiga ciki. A 1939 Edward Churchill da Ronald Belsey, a Boston, suka cire sashen nan mai kama da harshe da ke ƙasan ɓangaren sama na hagu, wanda ake kira lingula, ga masu ciwon da rassan iska ke saki su riƙa tara mugunya. Suka ce yanki zai iya maye gurbin ɓangare a matsayin abin da ake cirewa. Daga nan buƙatar taswira ta taso. Jackson da Huber a Philadelphia suka tsara sunaye a 1943, Russell Brock a Landan ya fitar da littafinsa kan rassan iska a 1946. Amma wanda ya zauna ya yi aikin haƙuri shi ne Edward Boyden na Jami'ar Minnesota. Ya shafe shekaru yana feɗe huhunan mamata ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowane reshe da kowace jijiya, yana ƙirga sau nawa ta bi nan sau nawa ta bi can. Littafinsa na 1955 har yau ana komawa gare shi, kuma lambobin da likitoci ke kira a yau a kan tsarinsa aka ɗora su. Abin da aikin ya fito da shi fili shi ne, a wurare da dama tsarin da ake ce wa “na kowa” tsarin mafi rinjaye ne kawai cikin uku ko huɗu.

Ga misali mai sauƙi. Littafi ya ce reshen iskar ɓangaren sama na dama yana rabuwa uku a wuri guda. Da aka zo ana duba hotunan CT na ɗaruruwan mutane a Japan da Sin, a wasu binciken masu wannan tsari ba su kai rabi ba, a wasu sun ɗan haura. Sauran biyu yake rabuwa, sannan ɗaya hannun ya sake rabuwa, kuma waɗanne yankuna ne suka haɗa hannu, wannan ma kowa da nasa.

Asalin abin daga ciki ne. A mako na huɗu da shigar ciki wani ɗan tsiro yake ɓullowa daga bututun da zai zama hanyar abinci, ya rabu biyu, ya ci gaba da rassa. Zuwa mako na shida ko na bakwai an riga an fitar da rassan yankuna. Jijiyoyin jini suna biyo baya suna neman hanya tsakanin rassan. Tsiro ɗaya ya ɗan gota sama ko ƙasa a waɗannan makonni, shi ke nan an rubuta taswirar da mutum zai ɗauka har tsufa.

Inda gizo ke saƙa

Rassan iska su ne suka fi biyayya ga littafi. Jijiyoyin kai jini sun fi su taurin kai, na dawo da jini kuwa sun fi kowa. Kuma jinin huhu ba abin wasa ba ne: duk jinin da zuciya ke turawa, kusan lita biyar a minti ga babban mutum yana zaune, ta huhu yake ratsawa, cikin jijiyoyin da bangonsu bai kai na sauran jijiyoyin kai jini kauri ba ko kusa. Ba sa jure ja. Idan ɗaya ta yage kusa da gindi, ƙirji yana cika kafin a ce kwabo.

Ɓangaren sama na hagu shi ne wanda likitocin ƙirji suka fi yi wa taka-tsantsan. Rassan da ke kai masa jini suna iya zama biyu, suna iya kai bakwai, gajeru ne, kuma suna fita daga babbar jijiya tana cikin lanƙwasa a bayan reshen iska. Jinin lingula a littafi daga cikin tsaga yake zuwa. Amma a kusan mutum ɗaya cikin huɗu, a lissafin masu bincike na Japan, duka ko wani sashe nasa daga gaba yake fitowa, ya ratsa a ɓoye tsakanin jijiyar dawo da jini da reshen iska. Likitan da bai san da ita ba, yana zagaya reshen iska da ƙarfensa, ita zai huda. Ko kuma yana niyyar cire yankunan sama ya bar lingula, sai ya ɗaure ta bisa zaton ta yanki na 3 ce, ya bar wa mutum tsokar da iska ke shiga amma jini ba ya zuwa.

Bari mu tsaya kan kuskure guda mu dube shi da kyau, don an sha ba da rahotonsa a mujallun tiyata. Ana aikin cire ɓangaren sama na hagu da kyamara. Tun farkon shekarun 1990 aka fara irin wannan aiki: maimakon a tsaga gefen ƙirji a buɗe haƙarƙari, sai a yi 'yan ƙofofi, ko ma ƙofa ɗaya tak kamar yadda Diego González Rivas na A Coruña a Sifen ya yaɗa, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, ana kallon allo. Ciwo ya ragu, kwanan asibiti ya ragu. Sai dai allo abin da kyamara ta fuskanta kawai yake nunawa, an ƙara masa girma, hannu kuma ba ya ciki balle ya shafa. Likita ya ɗaga huhu, ya yanke tantanin gaba, ga jijiyar dawo da jini nan shuɗiya-shuɗiya, mai kauri, daidai inda littafi ya ce ta sama take. Ya zagaye ta, ya zura sitefila, na'urar da ke ɗinke bakin jijiya da ƙananan ƙusoshi ta kuma yanke a bugu ɗaya. Ya matsa. Ba ɗigon jini ko ɗaya. Aiki ya yi kyau a ido.

Abin da bai duba ba shi ne, a wannan mutumin jijiyar sama da ta ƙasa sun haɗe tun kafin su isa zuciya, sun zama gangar jiki ɗaya, abin da aka fi samu a hagu. Ita ya yanke. Ɓangaren ƙasa da aka bari yana karɓar jini, ba shi da mafita. Cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu zai kumbura ya yi baƙi, mara lafiya ya fara zazzaɓi da tarin jini, hoton ƙirji ya yi fari fat. Idan an farga a kan tebur, akan iya sake ɗinka jijiyar. Idan ba a farga ba, sai a koma tiyata a cire sauran, mutumin da ya zo a rage masa rabin huhu ya tashi ba huhun hagu ɗungurungum.

A dama ma akwai irinsa. Jijiyar dawo da jinin ɓangaren tsakiya takan zuba a ta sama, amma a wasu mutane ta ƙasa take bi, wanda ke cire ɓangaren ƙasa sai ya haɗa da ita. Akwai kuma wata daga yanki na 2 da kan bar hanyar gaba ta zagaya ta bayan reshen iska, daidai wurin da ake kwashe kaluluwar da ke ƙarƙashin mararraba a aikin kansar huhu da na kansar maƙoshi. Ba ta da yawa, 'yan kaso ne cikin ɗari, amma a wurin da take ba wanda ke tsammanin jijiya.

Mafi ban tsoro ita ce wadda ba ta huhu ba ce ma. Akan haifi wasu da wata tsokar huhu, galibi can ƙasan hagu ta baya, wadda ba ta haɗe da hanyar iska yadda ya kamata, jininta kuma kai tsaye yake zuwa daga babbar jijiyar jiki, wani lokaci ma daga ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wannan jini ne mai ƙarfin bugun zuciya. Idan aka yanke ta ba da sani ba, tana iya janyewa ta koma ciki tana feshi inda hannu ba ya kaiwa. Tun 1940 Harris da Lewis a Ingila suka ba da rahoton mutuwar da ta faru ta wannan hanya, suka gargaɗi masu fiɗa.

Tsagogin da muka ce ana gani ƙuru-ƙuru, su ma ba kullum ba. Ƙaramar tsagar da ke tsakanin ɓangaren sama da na tsakiya a dama ba ta cika kaiwa ƙarshe ba a fiye da rabin mutane, wani sa'in babu ita sam. Inda tsaga ba ta raba ba, sai an yanka tsokar huhu, tsokar huhu kuma idan an yanka ta tana yoyon iska. Wannan shi ne abin da 'yan jinya ke gani a ɗaki: robar da aka saka wa mutum a ƙirji tana ta tafasa kumfa a kwalba, an ce kwana uku za a cire, ga shi an shiga mako na biyu. Wasu kuma tsagogi gare su fiye da ƙa'ida. Akwai wadda wata jijiya mai suna azigos kan haƙa a saman huhun dama tun a ciki, a kusan mutum ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, har ta ware wani sashe kamar ɓangare na huɗu. Yawanci ba ta da illa, illa dai ta rikita mai karanta hoto.

Me ya sa sai yanzu

Tun wajen 1960 aka tsaya kan cewa maganin kansar huhu da aka kama da wuri shi ne a cire ɓangaren da take ciki gaba ɗaya tare da kaluluwarsa. A 1995 wani gwaji da aka yi a Arewacin Amurka, wanda Ginsberg da Rubinstein suka wallafa, ya ƙara ɗaure wannan: waɗanda aka cire wa ƙasa da ɓangare, kansar ta dawo musu a wurin kusan ninki uku. Magana ta mutu tsawon shekaru, ana cire yanki ne kawai ga wanda numfashinsa ba zai ɗauki babban aiki ba.

Na'urar CT ce ta tayar da ita. A 2011 wani babban bincike a Amurka, mai mutum sama da 53,000 masu tarihin shan taba, ya nuna cewa duba su da CT mai ƙarancin tururi ya rage mutuwa daga kansar huhu da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da hoton ƙirji na gargajiya. Sai aka fara tsintar ƙullutai da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Tambaya ta dawo: don abin da bai kai santimita biyu ba, sai a ɗebe wa mutum yankuna biyar?

Japan ta fara amsawa. Gwajin JCOG0802, da mujallar Lancet ta buga a 2022, ya raba mutum 1,106 masu kansar da ba ta wuce santimita 2 ba gida biyu. Bayan shekara biyar, kashi 94.3 cikin 100 na waɗanda aka cire wa yanki suna raye, a kan kashi 91.1 na waɗanda aka cire wa ɓangare. A 2023 gwajin CALGB 140503, mai mutum 697 a Amurka da Kanada da Ostareliya, ya sami kusan kunnen doki: kashi 63.6 da 64.1 na waɗanda suka kai shekara biyar ba tare da ciwon ya dawo ba.

An yi ta murna da waɗannan alƙaluma, amma a ganina an fi karanta layin farko. A gwajin Japan ɗin, dawowar kansa a wurin da aka yi aiki ta kai kashi 10.5 ga masu yanki, kashi 5.4 ga masu ɓangare: ninki biyu ke nan. Numfashin da aka ce za a ceto ma, bambancin bayan shekara ɗaya kashi 3.5 ne kacal, alhali masu gwajin kashi 10 suka sa rai. Yoyon iska ya fi yawa ga masu yanki. Ribar rayuwar ta fito ne galibi daga raguwar mutuwa ta wasu cututtukan, kuma waɗanda ciwo ya sake kamawa sun fi samun sararin a sake yi musu magani mai ƙarfi. Ma'ana, cire yanki yana biya ne idan an cire yankin da ya dace, da tazara isasshiya tsakanin ƙullutu da bakin yanka. Ƙullutun da ya zauna kan iyakar S1 da S3 bai san da lamba ba. Kuma waɗannan sakamako daga hannun mutanen da suka yi aikin sau ɗaruruwa suka fito.

Shi ya sa a manyan cibiyoyi yanzu ba a shiga irin wannan aiki sai an zana huhun mutumin kansa. Ana ɗaukar CT mai siraran yanka bayan an yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, manhaja ta harhaɗa hotunan ta fito da bishiyar iska da jijiyoyi a tsaye, ana juya ta a allo, kowace da launinta. Likita ya ƙirga rassan da zai ɗaure tun daren jiya. A cikin tiyata kuma akwai dabarun fito da iyaka. Tsohuwar ita ce a hura huhu duka, a bar shi ya sace, sai layi ya bayyana tsakanin inda ya lafe da inda ya riƙe iska; matsalarta iska na satar hanya ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin jakunkunan numfashi, layin ya dushe, musamman a huhun tsohon mashayin taba. Sabuwar, wadda likitocin Japan suka fara bayyanawa wajen 2010, ita ce a ɗaure jijiyar kai jinin yankin, a yi allurar wani rini kore, a kunna kyamara mai gani da hasken da ido ba ya gani. Duk inda jini ke zuwa sai ya haska, yankin da za a cire ya zauna baƙi. Minti kaɗan rinin ke yi ya wuce. Idan akwai wani reshe na daban da ba a ɗaure ba, rabin yankin zai haska tare da sauran, layin ya faɗa inda bai kamata ba. Rinin ma sai da taswira.

Huhun da ake buɗewa a nan

A asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato, ko a Yamai, ƙullutun santimita ɗaya ba shi ne abincin yau da kullum na likitan ƙirji ba. Kansar huhu takan iso a makare, sau da yawa bayan an sha maganin tarin fuka wata da watanni ba sauƙi. Abin da ya fi cika jerin aiki shi ne mugunya a ƙirji, raunin hatsarin mota da harbi, da ɓarnar da tarin fuka ya bari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa da shi a Najeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a Afirka. Da yawa sun warke, ƙwayar cuta ta mutu, amma tsugune ba ta ƙare ba.

Tarin fuka yana da yankunan da yake so: na 1 da na 2 a ɓangaren sama, da na 6, wato ƙololuwar ɓangaren ƙasa. Can yake haƙa kogo. Bayan shekaru fumfuna ta shiga kogon ta dunƙule, mutum ya wayi gari yana tarin jini cike da kofi. Wanda zai yi wa wannan aiki yana fuskantar bambanci iri biyu a haɗe, wanda aka haifi mutum da shi da wanda ciwo ya ƙara. Huhu ya manne da haƙarƙari. Tabo ya janye gindin huhu sama, jijiyoyi sun bar mazauninsu. Tsaga ta toshe. Kaluluwa ta ƙandare ta zama kamar tsakuwa, ta manne a jikin jijiyar kai jini daidai inda reshe ke fita, ka ja ta, jijiyar ta biyo. A irin wannan ƙirji sanin cewa reshe huɗu ne ko shida tun kafin a fara ba ƙawa ba ce. Kuma mutumin da tarin fuka ya riga ya cinye masa wani sashe na ɗaya huhun, kowane yanki mai lafiya da aka bar masa yana iya zama bambancin komawa gona da zaman gida.

Tsokar nan mai jinin babbar jijiya ma a nan ta fi haɗari, domin alamarta tari ne da zazzaɓi masu yawan dawowa a wuri ɗaya, kuma a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa shi za a fara zargi.

Ba a tiyata kaɗai sanin yankuna ke aiki ba. Babban reshen dama ya fi na hagu faɗi da gajarta, ya fi shi miƙewa, don haka gyaɗar da ta sarƙe yaro ko allurar ɗankwali da ta kuɓuce daga baki sun fi gangarawa can, mai zura madubi kuma sai ya san ƙofa nawa zai leƙa. Mai farfaɗiya ko wanda ya suma a rigingine, abin da ya shaƙa yanki na 2 ko na 6 yake sauka, a can ƙurji ke fitowa. Brock ne ya fayyace wannan tun shekarun 1940. Masu gashin ƙashi da wannan ilimin suke kwantar da mai tara mugunya, wani a kife, wani kan gefe da ƙafafu a sama, gwargwadon inda bakin reshen yankin ya fuskanta.

Yawancin alƙaluman da ake kawowa kan yawan kowane bambanci daga Japan da Sin da Turai da Amurka suka fito. Hotunan CT na ƙirji da ke jibge a kwamfutocin asibitocinmu sun isa a ƙirga namu, kuma aikin bai fi ƙarfin ɗalibin da ke neman abin rubuta kundin ƙwarewa ba. Mutum-mutumin tiyata mai miliyoyin daloli ba shi ne abin da ya fi gaggawa ba. CT mai allurar haska jijiya, da a ba likita hotunan duka a faifai maimakon 'yan zaɓaɓɓu da aka wanke a fim, sun fi kusa da hannu; akwai manhajojin harhaɗa hoto na kyauta, irin su 3D Slicer, da ke aiki a kwamfutar tafi-da-gidanka.

Sauran kuwa ɗabi'u ne da manyan likitocin ƙirji ke cusa wa na ƙasa da su tun kafin kyamara ta shigo tiyatar ƙirji. Ba a yanke jijiyar dawo da jini sai an ga 'yar'uwarta da ido, an tabbatar daban take shiga zuciya. A dama, sai an nemo ta ɓangaren tsakiya an san inda ta zuba. Kafin a saki tantanin da ke riƙe da ƙasan huhu ga mai yawan ciwon ƙasan hagu, sai an duba ko akwai abin da ke bugawa a ciki. Reshen iska kuma ba a yanke shi da an kama: a matse shi tukuna, a ce wa likitan sa barci ya hura. Idan duk abin da ake son bari ya kumbura, a yanke. Idan wani sashe ya ƙi tashi, a saki ƙarfen a sake dubawa.